Likita Mila, Baturen da Ya Koyi Hausa

Yau mun kawo muku tarihin Walter Miller, wanda Zazzagawa ke kira Likita Mila. An haife shi a Ingila a 1872, ya fara koyon Hausa a Tarabulus ta Libiya. A 1900 ya iso Kano cikin ayarin 'yan mishan, amma Sarki Alu ya sallame su. Bai karaya ba. A 1905 ya zauna a Zariya, yana duba marasa lafiya, yana koyarwa, yana fassara. Shi da abokan aikinsa suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi a 1932. Ya rasu a 1952. Albarkacin wannan aiki, yaran Kirista a nan Karaye da Rogo suna koyon Addu'ar Ubangiji da harshenmu na gida, suna gane abin da suke roƙo.