Gichin Funakoshi, malamin firamaren da ya fitar da karate daga Okinawa

An haifi Gichin Funakoshi a garin Shuri na tsibirin Okinawa a 1868, shekara 11 kafin Japan ta rushe masarautar Ryukyu ta haɗe tsibirin da ƙasarta. Ya koyi karate a hannun Anko Asato da Anko Itosu, a zamanin da ake koyar da shi da dare a gidan malami, ga almajirai 'yan ƙalilan. Jigon karatun shi ne kata, wato tsararren jerin motsin kai hari da kare kai da mutum yake yi shi kaɗai. Almajiri kan shafe shekara uku yana maimaita kata guda kafin a ba shi ta gaba.

Bayan ya daɗe yana koyarwa a makarantun firamare, ya tafi Tokyo a 1922 domin nuna wannan fasaha a wani baje koli na Ma'aikatar Ilimi, kuma a can ya zauna. Jigoro Kano, wanda ya kafa judo, ya karɓe shi hannu bibiyu. A 1924 aka buɗe ƙungiyar karate a Jami'ar Keio, sauran jami'o'i suka biyo baya.

Farin jinin ya zo da sharuɗɗansa. A lokacin da kishin ƙasa da ƙyamar Sin suke ruruwa a Japan, Funakoshi ya rungumi sauya rubutun sunan daga hannun Sin zuwa hannun da ba makami. Ya sauya wa kata sunaye, Pinan ta koma Heian, ya kuma ari farar riga da ɗamarar matsayi daga judo. Ɗaliban jami'a kuwa 'yan shekaru kawai suke da su, kuma gwabzawa suke so. Shi ko yana ganin kata ce ke gyara jiki da hali, don haka bai taɓa sakin jiki da gasa ba.

Ya rasu ranar 26 ga Afrilu, 1957. Cikin watan Oktoba na wannan shekara, almajiransa suka shirya gasarsu ta farko ta ƙasa baki ɗaya.

Kata ta rayu, amma aikinta ya sauya: ta zama jarrabawar samun ɗamara da abin da alƙalai ke ba wa maki. A wasannin Olympics na Tokyo a 2021, wanda ya lashe zinare a katar maza shi ne Ryo Kiyuna, ɗan Okinawa.