Francisco Goya: Mai zanen fada da ya ƙare yana zana firgici

An haifi Francisco Goya ranar 30 ga Maris, 1746, a Fuendetodos, wani ƙaramin ƙauye a yankin Aragon na ƙasar Sifaniya. Mahaifinsa mai shafa wa kayan coci ruwan zinariya ne. Yana kimanin shekara 14 ya fara koyon zane a wajen José Luzán a birnin Zaragoza. Ya shiga gasar makarantar zane ta sarauta da ke Madrid a 1763 da 1766, duka biyun bai yi nasara ba, sai ya tafi Italiya ƙaro sani.

Ƙofar fada ta buɗe masa bayan da ya auri Josefa Bayeu a 1773, domin ɗan'uwanta Francisco Bayeu yana cikin masu zanen sarki. Daga 1775 Goya ya riƙa zana hotunan da masaƙar sarauta ke saƙawa a jikin dardumar bango: wasannin yara, ranakun biki da masu talla a kasuwa. A 1789 ya zama mai zanen fadar Sarki Carlos na Huɗu, a 1799 kuma aka naɗa shi shugaban masu zanen fada.

A tsakanin waɗannan naɗe-naɗe biyu ne wata rashin lafiya ta kama shi a ƙarshen 1792, ta bar shi kurma har ƙarshen rayuwarsa. Daga nan aikinsa ya rabu gida biyu. Ya ci gaba da zana sarakuna da attajirai don neman abinci, a gefe kuma yana zana mahaukata da fursunoni da mayu. A 1799 ya fitar da Los Caprichos, hotuna 80 da ya karta a kan farantan tagulla aka buga a takarda. A cikinsu ya yi wa camfi da jahilcin masu sarauta da kwaɗayin limaman coci ba'a. Mafi shahara shi ne na wani mutum da barci ya kwashe a kan teburinsa, mujiyoyi da jemagu na shawagi a kansa. Bai daɗe ba ya janye su daga kasuwa, a 1803 kuma ya miƙa wa sarki farantan.

A 1808 sojojin Napoleon suka mamaye Sifaniya. Mutanen Madrid sun yi bore ranar 2 ga Mayu, washegari aka jera waɗanda aka kama aka harbe su. A 1814 Goya ya zana wannan kisa: wani mutum mai farar riga ya ɗaga hannuwa, fitila na haska shi, sojojin da ke saita shi kuwa ba a ganin fuskokinsu. Tsakanin 1810 da 1820 ya yi wasu hotuna 82 a kan masifun yaƙi, inda ya nuna gawawwakin da aka sassare aka rataye a bishiyoyi, da matan da ake ci wa zarafi, da yunwar da ta afka wa Madrid a 1811 zuwa 1812. Ya nuna ta'asar Faransawa, ya kuma nuna ta 'yan ƙasarsa. Sai a 1863 aka buga waɗannan hotuna, shekara 35 bayan mutuwarsa.

Goya bai bar aikin masu mulki ba a duk tsawon wannan lokaci. Ya zana jami'an gwamnatin mamaya, ya zana Wellington da ya jagoranci korarsu, ya kuma zana Sarki Fernando na Bakwai, wanda da ya dawo kan karaga a 1814 ya soke kundin tsarin mulkin Cadiz na 1812, ya maido da kotun coci mai binciken aƙida, ya shiga ɗaure masu neman sauyi. Albashin Goya daga fada yake fitowa, shaidarsa a kan zaluncin zamanin kuwa a ɓoye ya ajiye ta.

A 1819 ya sayi wani gida a bayan garin Madrid. A jikin bangonsa ya yi zane 14 masu duhun launi, waɗanda daga baya aka kira Baƙaƙen Zane. Babu wanda ya sa shi aikin, bai kuma baje su ga jama'a ba. Akwai Saturn, gunkin Rumawa, ya zaro idanu yana cin naman ɗansa. Akwai wasu maza biyu da ke jibgar juna da kulake, da wani kare da kansa kawai ake gani, yana kallon sama.

Da sojojin Faransa suka sake shigowa a 1823 suka mayar wa Fernando cikakken iko, sai farautar 'yan adawa ta tsananta. A 1824 Goya ya nemi izinin fita neman lafiya, ya koma Bordeaux ta Faransa cikin 'yan gudun hijirar ƙasarsa, inda ya rasu ranar 16 ga Afrilu, 1828, yana da shekara 82. A shekarun 1870 aka ɓanɓaro zanen daga bango aka mayar da su kan ƙyalle. Yau suna gidan tarihi na Prado a Madrid, ƙarƙashin rufi ɗaya da hoton iyalan sarkin da ya yi wa hidima.