Shehu Umar Mukhtar: Malamin Zawiyar Da Ya Gagari Italiya Shekara Ashirin

Da yawa daga cikinmu sun fara jin sunan Umar Mukhtar ne a gidajen kallon bidiyo, a fim ɗin nan da Mustafa Akkad ya shirya, inda Anthony Quinn ya fito a matsayin dattijo mai farin gemu da tabarau. Fim ɗin ya nuna dawaki da bindigogi da igiyar rataya, amma bai tsaya ya fayyace yadda aka yi mayaƙan da ba su wuce 'yan dubbai ba suka hana wata babbar daular Turai barci har shekara ashirin ba. Amsar tana cikin rayuwar malamin, tana kuma cikin tantunan makiyayan da suka ciyar da shi.

An haifi Umar Mukhtar wajajen shekarar 1860 a yankin Barƙa, wato gabashin Libiya ta yau, kusa da Tobruk, a cikin ƙabilar Minifa. Mahaifinsa ya rasu a hanyar aikin Hajji, don haka ya tashi maraya a hannun malaman ɗarikar Sanusiyya. Ya fara karatu a zawiyar Janzur, daga nan ya wuce Jagbub, cibiyar ɗarikar a wancan zamani, inda ya yi kimanin shekara takwas yana karatun Alƙur'ani da fiƙihu.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da ake nufi da zawiya a wannan ƙasa, domin a nan ne asirin yaƙin yake. Zawiya masallaci ce, makaranta ce, masaukin fatake ce, kuma a nan ake sasanta rigimar rijiya da makiyaya tsakanin ƙabilu. Shehin zawiya shi ke karɓar ushira, shi ke raba ta. Saboda haka wanda ya riƙe zawiya shekara da shekaru ya san kowane gida, ya san wanda ke da raƙuma da wanda ke da 'ya'ya maza, ya san kuma inda ruwa yake idan rani ya tsananta. An ba Malam Umar zawiyar Ƙusur a tsaunukan Jabalul Akhdar, a tsakiyar ƙabilar Abid wadda ta shahara da taurin kai ga masu karɓar harajin Turkawa, kuma ya iya da su. A ƙarshen ƙarni na 19 ya bi shugaban ɗarikar, Sayyid Muhammad al-Mahdi, zuwa arewacin Cadi, aka ba shi zawiyar Ain Galaka, kuma a can ya fara ganin yadda sojan Turawa ke yaƙi, lokacin da Faransawa ke tunkaro ƙasar daga kudu. Bayan rasuwar al-Mahdi a 1902 ya koma Ƙusur.

A watan Oktoba na 1911 jiragen ruwan Italiya suka sauke soja a Tarabulus da Bangazi. Turkawa da ke mulkin ƙasar suka yi yaƙi na shekara guda, suka sa hannu a kan yarjejeniya a 1912, suka bar mutanen ƙasa da abin da ya ishe su. Malam Umar yana cikin waɗanda suka ɗauki bindiga tun daga farko, amma jagorancinsa na sosai ya fara ne a 1923, bayan Musolini ya hau mulki a Italiya ya soke yarjejeniyoyin da aka ƙulla da Sanusiyya, shi kuma Sayyid Idris ya ƙaura zuwa Masar. A lokacin malamin ya haura shekara sittin.

Ya gane tun da wuri cewa gaba da gaba ba ta yiwuwa. Italiyawa suna da jiragen sama da motoci masu sulke da manyan bindigogi da bataliyoyin sojan da suka kwaso daga Eritiriya. Abin da yake da shi kuwa dawaki ne da tsofaffin bindigogi da tsaunuka masu kurmi da kwazazzabai da koguna. Sai ya zaɓi yaƙin sari-ka-noƙe. Ya raba mayaƙansa sansani-sansani, kowace babbar ƙabila da nata, irin su Bara'asa da Abid da Hasa da Ubaidat, kowane sansani da kwamandansa da alƙalinsa. Ba a tara runduna wuri guda don kada jirgi ya gan ta. 'Yan tsirarun mahaya za su yi kwanton ɓauna ga ayarin motocin abinci, ko su yanke wayar tarho, ko su afka wa ƙaramin bariki da asuba, su kwashi harsashi, kafin taimako ya iso sun watse kowa ya kama gabansa. Idan aka kewaye su ba sa tsayawa nuna jarumta, sukan nemi inda kewayen ya yi rauni su fice da dare. A Rahiba, a watan Maris na 1927, sun ja wata rundunar Italiya cikin tsauni suka hallaka ɗaruruwan sojanta.

Sai dai harsashi da sha'ir ba sa tsirowa a kogo. Yawancin makiyayan Barƙa a fili sun miƙa wuya ga Italiya, suna zaune kusa da barikoki, an rubuta sunayensu. Amma su ɗin ne ke biyan ushira ga Malam Umar da dare, su ne ke kai labarin fitowar soja, kuma idan mayaƙi ya faɗi ƙabilarsa ce ke aiko da madadinsa. Mutum yakan yi wata uku a tsauni, ya dawo ya ɗauki sandar kiwo kamar bai taɓa riƙe bindiga ba. Har cikin 'yan ƙasar da suka shiga sojan Italiya akwai masu bari harsashi ya sulale zuwa tsauni. Daga Masar kuma ayarin raƙuma na shigowa da abinci da makamai. Italiya na mulki da rana, Sanusiyya na mulki da dare. A ganina wannan aikin shehin zawiya ne kafin ya zama aikin janar, domin amanar da ta sa talaka ya ba da tunkiyarsa alhali ya san hukuncin kisa ne idan aka kama shi, ba a rana ɗaya aka gina ta ba.

A 1929 sabon gwamna, Badoliyo, ya nemi sulhu. An zauna a Sidi Rahuma a watan Yuni, aka yi wa malamin tayin albashi da hutu, bai karɓa ba, kuma kafin shekarar ta ƙare wuta ta sake tashi.

Janar Giraziyani, wanda ya karɓi Barƙa a 1930, ya fahimci abin da magabatansa suka kasa fahimta, kuma maganin da shi da Badoliyo suka kawo shi ne mafi muni a duk tarihin. Maimakon su bi mayaƙa cikin kurmi, sai suka kwashe jama'ar da ke ciyar da su. Mutum wajen 100,000, maza da mata da yara da tsofaffi, aka kora a ƙasa zuwa sansanonin da aka kewaye da waya a Suluƙ da Magrun da Agaila da Buraiƙa, a busasshiyar ƙasa ta bakin teku. Dubun-dubatarsu sun mutu da yunwa da cuta, dabbobinsu suka ƙare. An rufe zawiyoyi, an ƙwace dukiyarsu. An kafa kotun da ake ɗauka a jirgin sama daga wuri zuwa wuri, ta yanke hukunci a zartar nan take. Kufra ta faɗi a watan Janairu na 1931, sa'annan aka shimfiɗa waya mai ƙaya ta kusan kilomita 270 a kan iyakar Masar, daga bakin teku zuwa Jagbub. Tsauni ya zama fanko. Duk da haka 'yan ɗaruruwan da suka rage tare da dattijon ba su ajiye makami ba, suna yaƙi da yunwa a cikinsu.

Ranar 11 ga Satumba, 1931, aka rutsa da su kusa da Sulunta. An harbe dokinsa, ya faɗi da rauni, aka kama shi. An kai shi Bangazi, aka yi masa shari'ar rana ɗaya a ranar 15 ga wata. Bai musanta cewa shi ne jagora ba, bai kuma nemi afuwa ba. Hafsan Italiyan da aka ba aikin kare shi ya yi ƙoƙarin nuna cewa fursunan yaƙi ne, ba ɗan tawaye ba, shi ma sai da aka hore shi saboda haka. Washegari, 16 ga Satumba, aka rataye Malam Umar a Suluƙ, a gaban mutum wajen 20,000 da aka fito da su daga sansanoni aka tilasta musu kallo. Yana da shekara saba'in da 'yan kai. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Mataimakinsa Yusuf Bu Rahil ya riƙe ragowar mayaƙan na 'yan watanni kafin shi ma a kashe shi, kuma a watan Janairu na 1932 Badoliyo ya ba da sanarwar cewa yaƙi ya ƙare. Gonakin Jabalul Akhdar aka raba wa manoman da aka kawo daga Italiya, waɗanda ba su daɗe a kansu ba, domin Yaƙin Duniya na Biyu ya raba Italiya da Libiya a 1943. A ranar 24 ga Disamba, 1951, ƙasar ta sami 'yancin kai, Sayyid Idris da ya dawo daga Masar ya zama sarkinta.