Dick Tiger: Gwanin Damben da Bai Samu Makaɗi Ba

A ƙasar Gobir, daga Gatawa zuwa Sabon Birni da Isa, ba sai an koya wa yaro mene ne dambe ba. Da an kwashe amfanin gona za ka ji kalangu ya tashi. Sunan Shago ma har yau yana bakin mutane, don ya samu Ɗan Anace ya waƙe shi. To amma a aji, ka tambayi na kusa da kai wane ne Dick Tiger, ka ga yadda zai yi zuru. Alhali a damben boksin, da wuya a ce Najeriya ta taɓa haifar kamarsa.

Sunansa na yanka Richard Ihetu. An haife shi ranar 14 ga Agusta, 1929, a Amaigbo, cikin jihar Imo ta yanzu. Ɗan talakawa ne, da sayar da kwalabe a kasuwar Aba ya taso, a garin kuma ya fara ɗaura safar dambe. A 1955 ya tafi Liverpool ta Ingila neman sa'a. Sa'ar ba ta zo da wuri ba: karawarsa huɗu na farko duk an ba abokan karawarsa nasara da maki. Ga sanyi, ga baƙunta. Wani da ya tattara ya dawo gida. Shi kuwa ya zauna ya gyara salonsa. A 1957 ya lallasa Terry Downes, wanda daga baya ya zama zakaran duniya, a 1958 kuma ya karɓe kambun ƙasashen rainon Ingila daga hannun Pat McAteer.

Daga nan sai Amurka. Ranar 23 ga Oktoba, 1962, a San Francisco, ya doke Gene Fullmer ya ɗauki kambun duniya na matsakaita nauyi, wato 'yan kilo 72. Suka sake haɗuwa aka yi kunnen doki. Karo na uku sai aka kawo shi gida, filin wasa na Liberty da ke Ibadan, ranar 10 ga Agusta, 1963. Bayan turmi na bakwai Fullmer bai iya ci gaba ba. A ranar, Bahaushe da Bayarabe da Ibo duk nasu ne ya yi nasara.

Salonsa ba na rawa da zulliya ba ne. Gajere ne kakkaura, gaba kawai yake matsawa, yana dukan haƙarƙari har sai mutum ya gaji. Joey Giardello ya ƙwace masa kambu a ƙarshen 1963, ya bi shi ya karɓo abinsa a 1965. Da Emile Griffith ya sake ƙwacewa a 1966, sai ya haura ajin 'yan kilo 79, ya doke José Torres cikin Disamban shekarar, yana da shekara 37. Kambun duniya a aji biyu ke nan. Sai a Mayun 1968 Bob Foster, dogo mai dogon hannu, ya shimfiɗe shi a turmi na huɗu, har alƙali ya ƙirga goma.

Nan ne labarin ya yi nauyi. Bayan juyin mulki da kashe-kashen 1966, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Tiger ya bi ɓangaren Biyafara. An ba shi muƙamin laftana, ya riƙa zuba kuɗin dambensa a can, a 1969 kuma ya mayar wa Birtaniya lambar girma ta MBE saboda goyon bayan da take ba gwamnatin tarayya. Ya rasa kadarorinsa na Legas. Mu a nan, kakanninmu da yawa ɗaya ɓangaren suka yi wa yaƙi, wasu ba su dawo ba. Ba dole ka yarda da zaɓinsa ba. Amma ka san mutumin ya san abin da zai rasa, kuma bai ja da baya ba.

Ya yi dambensa na ƙarshe a Yulin 1970. Tsohon zakaran duniya ya koma gadi a wani gidan adana kayan tarihi a New York. Can aka gano yana da ciwon dajin hanta. Gwamnati ta bar shi ya dawo gida, ya rasu a Aba ranar 14 ga Disamba, 1971, yana da shekara 42.

Cikin karawa 82 ya ci 60, an ci shi 19, an yi kunnen doki 3. Mujallar The Ring ta zaɓe shi gwarzon shekara sau biyu, 1962 da 1965, a 1991 kuma aka sa shi cikin zauren gwanayen boksin na duniya a Amurka. A waje sunansa na nan daram, a gida ne yaƙi ya binne shi.

'Yan uwa ɗalibai, wanda jarrabawa ta kayar a zangon da ya wuce ya tuna: sau huɗu a jere aka ci wannan mutumin, shekara shida bayan haka duniya ta miƙa masa kambu.