Waziri Junaidu: Malamin da ya tattara tsofaffin takardun Daular Usmaniyya

A shekarar 2022 an sayar da wani tsohon kati na 1952 mai ɗauke da hoton ɗan wasan besbol na Amurka, Mickey Mantle, a kan dala miliyan 12.6. Masu tara irin waɗannan katuna kasuwannin baje koli suke bi suna cigiyarsu. A ƙasar Hausa kuwa, tsofaffin takardun da suka cancanci irin wannan nema su ne rubuce-rubucen hannu na magabata, kuma in ana zancen wanda ya tattara su, da Wazirin Sakkwato Junaidu ake farawa.

An haife shi a Sakkwato a 1906, shekara uku bayan Turawa sun ci birnin. Mahaifinsa shi ne Waziri Muhammadu Buhari, daga zuriyar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ta hannun wazirai ne wasiƙun masarautu irin su Kano da Zazzau suke isa ga Sarkin Musulmi, don haka Junaidu ya tashi a gidan da takardun mulki da littattafan malamai suka taru.

Ya yi karatun zaure har ya ƙware a Larabci, ga Fulatanci da Hausa. Ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato, ya kuma shugabanci makarantar horar da alƙalai. A 1948 aka naɗa shi Waziri a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya riƙe muƙamin har zamanin Ibrahim Dasuƙi da Muhammadu Macciɗo.

Adana irin wannan gado ba ƙaramin aiki ba ne. Littafin da ba a ɗinke yake ba. Warƙoƙi ne a tsakanin tadarishi, a cikin gafaka. Marubuci kan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, kuma in suka tarwatse, sai masani ne zai iya mayar da kowace mazauninta. Ga gara, ga yoyon ɗaki, ga gobara. Waziri ya kiyaye abin da ya gada, ya ƙara da abin da ya samo, ya kuma san marubucin kowace takarda da zamaninta. Sunan shahararren littafinsa na tarihi ma, Dabɗul Multaƙaɗati, yana nufin tsara abubuwan da aka tsinto. Ya kuma wallafa Tarihin Fulani da Hausa.

Bai kulle taskarsa ba. Baturen nan Murray Last ya yi nazarin wasiƙun gidan kafin ya fitar da littafinsa a kan daular a 1967. Jean Boyd ma a wajensa ta sami rubuce-rubucen Nana Asma'u, waɗanda ita da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Allah ya yi masa rasuwa a watan Janairun 1997, wata uku bayan an cire Jihar Zamfara daga ta Sakkwato. A yau cibiyar adana tarihi da al'adu ta Sakkwato sunansa take ɗauke da shi.

Zamfara ƙasa ce da Shehu ya yi shekaru yana wa'azi a cikinta, kuma almajirinsa Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa Gusau. Duk gidan malamai a Rawayya, Tsafe ko Bunguɗu da ke da gafakar kakanni, yana riƙe da wani yanki na wannan tarihi. Rashin tsaro yana tayar da ƙauyuka, mai gudun ceton rai kuwa ba ya tsayawa ɗaukar takarda. Katin besbol an buga shi da yawa. Wasiƙar hannu sau da yawa ita kaɗai ce. Magada su kai ta wurin masani ya tantance, su ɗauki hoton kowace warƙa tun tana hannunsu.