Tarihin Alhaji Umaru Salga: Malamin Kano da Ya Kai Alƙalamin Hausa Ƙasar Gwanja

Gabatarwa

Daga cikin mashahuran malamai da marubutan da ƙasar Hausa ta haifa a ƙarni na 19, akwai waɗanda sunansu ya fi fita a ƙasashen waje fiye da gida. Ɗaya daga cikinsu shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Salga, ko kuma Imam Umaru na Kete-Karachi. A ƙasar Gana, inda ya yi fiye da rabin rayuwarsa, ana kiransa Imam Imoru, bisa yadda harshen mutanen can ya juya sunan. Bakano ne ta wajen haihuwa, Bakabe ta wajen asali, amma ƙasar Gwanja da bakin Kogin Bolta su ne suka ci moriyar ilminsa har ƙarshen ransa.

Tarihin wannan bawan Allah ya shafe mu a Jihar Jigawa. A zamaninsa, Miga da Jahun da Dutse da Ringim duk suna cikin ƙasar Kano ne, wato ƙasar da ya tashi a cikinta, ya kuma bayyana ta a rubuce-rubucensa. Haka nan kuma har gobe matasanmu suna fita cin rani da fatauci zuwa kudu da maƙwabtan ƙasashe, wasu su dawo da damina, wasu kuma su zauna can su hayayyafa. Rayuwar Alhaji Umaru tana nuna abin da mutum yake iya riƙewa na harshensa da al'adarsa idan ya bar gida, da kuma abin da baƙunci yake ƙara masa.

Haihuwarsa da Neman Ilminsa

An haifi Alhaji Umaru a birnin Kano wajen shekarar 1858. Iyayensa mutanen Kabi ne da suka zauna a Kano, shi ya sa a rubuce-rubucensa na Larabci ake danganta shi da Kabi da Kano gaba ɗaya. Mahaifinsa, Malam Abubakar, malami ne kuma bafatake mai bin hanyar Gwanja domin sayen goro. Saboda haka tun yana ƙarami ya tashi tsakanin allo da kayan fatauci.

Ya yi karatun Alƙur'ani a Kano, sannan ya shiga karatun littattafai na fiƙihu da nahawu da lugga da waƙoƙin Larabawa. Bai tsaya a Kano kaɗai ba, ya yi shekaru yana neman ilmi a ƙasashen Sakkwato da Kabi, kamar yadda almajirai suka saba bin malamai gari gari. Tun a 1877, yana ɗan kimanin shekara 20, ya wallafa wani littafi na Larabci mai suna Al-Sarhatul Wariƙa, wanda yake koyar da yadda ake tsara wasiƙu. Littafin ya dace da buƙatar zamaninsa, domin sarakuna da fatake da malamai duk da wasiƙa suke hulɗa a tsakaninsu, kuma kowace wasiƙa tana da irin buɗewarta da irin ladabinta gwargwadon darajar wanda aka aika wa.

Hanyar Gwanja da Zamansa a Salga

A wancan zamani, garin Salga da ke ƙasar Gwanja shi ne babbar kasuwar goro da Hausawa suka sani. Ayari kan tashi daga Kano ƙarƙashin jagorancin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jemammun fatu da tufafi, ya ratsa ƙasar Kabi ko Yawuri, ya haye Kogin Kwara, ya bi ta Bargu da ƙasar Dagomba, kafin ya isa Salga bayan watanni ana tafiya. A can ne ake musayar kayan da goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante. Ba a sayar da kaya kawai a Salga ba, har da bayi, domin garin yana cikin manyan kasuwannin bayi na yankin a wancan ƙarni.

Duk inda ayari ya yada zango, sannu a hankali sai wurin ya zama unguwa mai masallaci da makarantar allo da mahauta da masu masauki. Wannan ne asalin unguwannin da ake kira zango a garuruwan Gana, kamar na Kumasi da Akra. Mazauna zango ba Hausawa ne kaɗai ba. Akwai Barebari da Zabarmawa da Nufawa da Yarabawa da Mosawa da Wangarawa, amma Hausa ce ta zama harshen da ya haɗa su a kasuwa da masallaci.

Alhaji Umaru ya san wannan hanya tun yana saurayi ta dalilin fataucin mahaifinsa, kuma wajen 1892 ya koma Salga da zama. Sai dai ya tarar da garin ya fara ja da baya, domin tun bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, ikon Asante a kan Gwanja ya karye, hanyar goro kuma ta fara karkata zuwa wasu kasuwanni. A 1892 ɗin kuma sai yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin 'ya'yan sarautar Gwanja a kan gadon sarautar Kpembe, wadda Salga take ƙarƙashinta. Garin ya watse, fatake da malamai suka bazu zuwa wasu garuruwa. Daga baya Alhaji Umaru ya yi waƙa da Larabci mai suna Tanbihul Ikhwan, wadda ta taɓo wannan fitina da lalacewar al'amuran garin.

Komawarsa Kete-Karachi

Wajen 1896 Alhaji Umaru ya ƙaura zuwa Kete-Karachi da ke bakin Kogin Bolta, inda da yawa daga cikin mutanen Salga suka riga shi sauka. Kete ita ce unguwar fatake Musulmi, Karachi kuwa garin 'yan ƙasa ne masu bin addininsu na gargajiya. A lokacin Jamusawa sun riga sun kafa bariki a wurin, kuma da aka raba yankin tsakanin Ingila da Jamus a 1899, sai Salga ta faɗa hannun Ingila, Kete-Karachi kuma ta zauna cikin Togo ta Jamus. A nan ne ya zama limamin gari, ya buɗe makaranta, ɗalibai suka riƙa zuwa daga nesa domin ɗaukar karatu a gabansa. Almajiransa sun bazu a zangunan ƙasar, inda suka zama limamai da malamai.

A 1913 ya tafi aikin Hajji. Kafin ya dawo, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Jamus ta rasa Togo a 1914, Kete-Karachi ta koma hannun Ingila. Ke nan a rayuwarsa ya zauna ƙarƙashin Daular Usmaniyya, da sarakunan Gwanja, da Jamusawa, da kuma Turawan Ingila.

Waƙoƙinsa na Hausa da Larabci

Alhaji Umaru ya yi rubutu da harsuna biyu, kuma kowanne da inda yake nufa da shi. Larabci shi ne harshen malamai, wanda da shi ake kai saƙo ga masana na kusa da na nesa. Hausa kuwa, wadda yake rubutawa da ajami, ita ce take isa kunnen bafatake da ɗan dako da matan gida, har da wanda ba Bahaushe ba ne amma ya iya harshen a zango.

Zuwan Turawa yana cikin abubuwan da suka fi damunsa. Ya yi waƙoƙi biyu na Larabci a kan haka wajen 1899 da 1900, sannan a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa, ya yi Waƙar Nasara da Hausa. A cikinta ya bi garuruwa da ƙasashe yana lissafa yadda aka ci su da yadda sarakunansu suka ƙare. Ya kamata a lura cewa daga nesa yake jin labarin, daga bakin fatake da matafiya, amma duk da haka ya ɗauki abin da ya sami ƙasar haihuwarsa tamkar a ƙofar gidansa ya faru. Shekara uku bayan wannan waƙa, a watan Afrilu na 1906, Haɗejiya ma ta faɗi, inda Sarki Muhammadu ya rasa ransa a wajen kare garinsa.

Wata fitacciyar waƙarsa ita ce Waƙar Talauci da Wadata, wadda a cikinta ya kwatanta yadda jama'a suke wulaƙanta matalauci ko da yana da gaskiya da asali, suke kuma girmama mai dukiya ko da halinsa bai kai ba. Wannan magana ce ta mutumin da ya zauna a garuruwan kasuwanci, inda baƙo ba ya da gonar gado ko dangin da zai jingina da su, sai abin da ke hannunsa. Haka nan da annobar mura ta 1918 ta ratsa duniya ta iso Afirka ta Yamma, ya yi waƙa da Larabci a kanta, amma ya kira cutar da sunan Hausa, wato Tunkuyau, ya bayyana alamominta da yadda take kayar da mutum. Bugu da ƙari, ya fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, shahararren mawaƙin Larabawa na zamanin Jahiliyya, zuwa Hausa. Wani Baturen Ingila mai suna Rattray ya buga wani ɓangare na wannan fassara a 1934.

Rubutunsa na Zube da Hulɗarsa da Turawa

Kafin zamaninsa, akasarin abin da malamai suke rubutawa da Hausa waƙa ce, rubutun zube kuwa sai da Larabci. Alhaji Umaru yana cikin na farko da suka yi dogon rubutun zube da Hausa. Baƙunci ne ya buɗe masa wannan ƙofa, domin a can ne ya gamu da masu tambayarsa abubuwan da ɗan gida ba zai tambaya ba, saboda ya ɗauka kowa ya san su.

A Salga ya haɗu da wani Bajamushe mai binciken harsuna, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suke kira Malam Musa. A Kete-Karachi kuma ya yi aiki da jami'in mulkin Jamus, Adam Mischlich, wanda ya koyi Hausa a wurinsa, ya kuma fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Ta wannan hulɗa ce Alhaji Umaru ya rubuta bayanai masu yawa a kan tarihin ƙasashen Hausa, da noma da kiwo, da saƙa da rini da ƙira, da aure da suna, da sarautu da haraji da bauta. Waɗannan takardu sun tafi Jamus, aka adana su. A 1973 wani ɗalibi Ba'amurke, Douglas Ferguson, ya yi digirinsa na uku a kansu, a shekarar 2000 kuma masanin Hausa ɗan ƙasar Folan, Stanislaw Pilaszewicz, ya buga wasu daga cikinsu a littafi. Da yawa daga abin da masana suka sani a yau game da zaman talakan ƙasar Kano kafin zuwan Turawa, daga alƙalamin wannan malami ya fito. Ya yi hulɗa da Turawa ta fuskar ilmi, amma hakan bai hana shi faɗin ɗacin mulkinsu a waƙoƙinsa ba.

Rasuwarsa

Allah ya yi wa Alhaji Umaru rasuwa a Kete-Karachi a 1934, yana da kimanin shekara 76, aka binne shi a can. Bayan ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta 1956, yankin ya haɗe da Gwalkwas, wadda ta zama Gana a 1957. Da aka gina madatsar ruwa ta Akosombo, wadda aka kammala a 1965, Tafkin Bolta ya cinye tsohon garin, aka mayar da mutanensa sabon matsuguni. A cikin shekarun 1960 ɗin ne Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana ɗaukar kwafin tsofaffin rubuce-rubuce, ciki har da waƙoƙinsa masu yawa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Darasi ga Jama'armu

Hausar da ake yi a zangunan Gana ta sha bamban da tamu ta wasu fuskoki. Alal misali, da yawa daga masu yin ta ba sa bambanta namiji da mace a nahawu kamar yadda muke yi. Duk da haka harshen yana raye, kuma malamai irin su Alhaji Umaru suna cikin waɗanda suka ba shi daraja ta hanyar koyarwa da rubutu. A nan gida kuwa muna da misalin akasin haka. Harsunan Auyokawa da Teshenawa da Shirawa, waɗanda a da ake yi a wannan yanki na kogin Haɗejiya da kewayensa, sun ɓace, jikokin masu su sun koma Hausa, kuma abin da aka rubuta na waɗannan harsuna ɗan kaɗan ne ƙwarai. Harshen da ba a rubuta ba, idan tsofaffinsa suka ƙare, sai ya bi su.

A gidajen malamai da limamai da dagatai na Miga da sauran garuruwan bakin kogi, akwai gafakoki da akwatuna masu ɗauke da waƙoƙin ajami da wasiƙu da jerin sunayen sarakuna. Gara da ɗigar ɗaki da ambaliya, irin wadda aka gani a 2022, suna iya shafe su a dare ɗaya. Don haka ana kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi da su taimaka wa masu irin waɗannan takardu su adana su a wuri mai tudu, a ɗauki hotonsu ko da da wayar hannu ce, a kuma nemi shawarar cibiyoyin da suka ƙware a wannan aiki, kamar Gidan Arewa da ke Kaduna. Haka nan iyayen da sana'a ta kai su wata ƙasa su dage wajen yi wa 'ya'yansu magana da harshen gida, su kuma koya musu rubuta shi, ko da boko ko da ajami.