André Aubréville, Malamin Dajin Da Ya Gwada Aikin Wuta

Duk ɗalibin da ya karanta labarin kwararowar hamada ya gamu da aikin Marigayi André Aubréville, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba. Bafaranshe ne, an haife shi a cikin 1897. Bayan ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ya shiga makarantar koyon aikin gandun daji ta garin Nansi, daga nan aka turo shi ƙasar Kwaddibuwa. A kurmin bakin tekun ƙasar ya yi shekaru yana tantance itatuwa, har ya wallafa littafinsu a cikin 1936.

A daidai wannan lokaci hankalin Turawan mulki ya tashi. Wani shaihun malami na Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya ziyarci Arewacin Nijeriya a 1934, ya koma gida yana shelar cewa Sahara tana gangarowa kudu za ta cinye gonaki. Saboda haka Ingila da Faransa suka kafa hukumar haɗin gwiwa, Aubréville yana cikinta. Daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937 suka bi ƙasashen kan iyakar Nijeriya da Nijar, tun daga Yamai har Tafkin Chadi. Ba su ga shaidar cewa rairayi na tafiya ba. Ɓarnar da suka gani, a ganinsu, ta hannun ɗan Adam ce: saran itace, da yawan kiwo, da ƙonon daji.

Aikinsa mafi daraja shi ne gwajin da ya kafa a 1936 a Kokondekro, kusa da garin Buwake. Ya keɓe fili uku a daji guda. Na farko aka hana wuta shiga sam. Na biyu ana cinna masa wuta a watan Disamba, tun ciyawa ba ta gama bushewa ba. Na uku kuwa sai a watan Maris, sa'ad da rani ya tsananta. Da shekaru suka shuɗe, filin da aka tsare ya zama kurmi, na biyu ya riƙe itatuwa da dama, amma na uku ya koma ciyawa da 'yan tsirarun itatuwa masu jure wuta. Dalili kuwa a fili yake: wutar farkon rani ba ta da ƙarfi, lasar ciyawa kawai take yi ta wuce, ta ƙarshen rani kuma ita ce mai kashe tsiro da sabon toho. Ma'aikacin gandun daji da ke fama da wutar mafarauta a dajin Falgore na Jihar Kano ba ya bukatar a fassara masa wannan.

A 1949 ya fitar da littafinsa a kan yanayi da dazuzzukan Afirka, wanda ya yaɗa kalmar da muke fassarawa da kwararowar hamada. A nan ne ya wuce gona da iri, domin ya ɗauka yawancin filayen ciyawa na Afirka ta Yamma kurmi ne a da, manoma suka ƙone. Wannan ra'ayi ya ƙarfafa dokokin da suka takura wa talakawa a dazuzzukansu.

Ya zama shaihun malami a Faris a 1958, ya rasu a 1982, kafin hotunan sama su gama yanke hukunci a kan maganarsa. A 1996 wasu masana biyu, James Fairhead da Melissa Leach, suka gwama tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan Adam a yankin Kisidugu na ƙasar Gini, inda Aubréville ya ga alamun halaka. Suka tarar kurmin da ke kewaye da ƙauyuka ƙaruwa ya yi a wurare da yawa, kuma mutanen ƙauyen ne suka rene shi. Irin waɗannan hotuna sun kuma nuna yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka maido da gawo da sauran itatuwa a gonakin da faɗinsu ya kai kimanin hekta miliyan 5.